Ranar da Ubanku Ya Shiga Ruwa

Na gaji da jin maganar da ake yi a gidan nan, wai ubanku gudu ya yi ya bar mu. 'Yata Huda ta faɗe ta a gabana ranar sunan 'yarta, da Larabci, tana zaton ba zan kama ba, kamar ba a garin nan na yi furfura ba. Jikokina ma sun ɗauka, har ƙaramar cikinsu ta tambaye ni ko kakanta ba ya son su ne. To, ni na zauna da mutumin nan tun ba a haifi ko ɗayanku ba, ni ce kuma nake zaune a kan darduma ranar da abin ya soma. Zan faɗi yadda aka yi tun da sauran ƙarfina, wanda zai yi fushi ya yi.

Ubanku Bawa mutumin Yawuri ne, Basarke, wato daga gidan masunta na gado, waɗanda ake haifa a bakin kogi su tashi a cikinsa. Ya zo aikin Hajji yana saurayi, da gangan ya bari jirginsu ya tashi ba shi, ya zama takari, mazaunin Makka marar takarda, kamar dubban 'yan'uwanmu. Ni kuma Bakanuwa ce, gwaggona ta kawo ni. A kasuwar Zahir muka haɗu, ina sayar da kunu da ƙosai, shi yana dako. Ya sha kununa ya ce ya yi ruwa da yawa, na ce to ai ka ga abin da ka baro a gida. Tun daga ranar yake kirana Ta Kano, bai taɓa kiran sunana ba har muka rabu. Aikinsa tura keken tsofaffi a Harami, lokacin Hajji kuma ya tafi Mina ya yi kwanaki yana turi a rana har tafin ƙafarsa ya tsage. Ni daga baya na samu iƙama, wato takardar izinin zama, ta hannun wani kamfanin shara da goge-goge, ɗanmu Faisal ma da ya girma ya samu tasa, yana tuƙa wa wani mai shago a unguwarmu ta Rusaifa mota. Ubanku kuwa ko takardar tsire bai taɓa mallaka ba.

Buri ɗaya ya zaunar da shi a Makka: ya mutu a nan, a sallace shi a Harami, a binne shi a ƙasar nan. Saboda wannan burin bai taɓa ƙetare shingen bincike ba. Kowa ya san fita daga Makka ba wuya, shigowa ce aiki ga marar takarda. Ga teku nan a Jidda, tafiyar da ba ta kai ta kawo ba, abokansa suna zuwa su dawo ta bayan dutse, shi ya ce bai zuwa. Mutumin da aka haifa a cikin kwale-kwale ya yi fiye da rabin rayuwarsa bai ga ruwan da ya fi na tanki ba. Idan aka yi ruwan sama mai ƙarfi, irin wanda yake cika titunan Rusaifa da jan ruwa, kowa yana kwashe kaya yana salati, shi sai ka gan shi a bakin ƙofa ya naɗe wando yana kallo, kamar wanda baƙo ya zo masa daga gida. Nakan ce masa, “Malam, katifa tana jiƙewa.” Ba ya ko juyowa.

Akwai kuma abin da ya ɗauko daga gida wanda ku kuka sani sama-sama. Kun tashi kuna ganin ana kawo masa wanda ƙayar kifi ta maƙale wa a wuya, ya shafa, ya ba shi ruwa ya sha, a tafi ana godiya. Wannan ɗan reshe ne kawai. Asalin abin shi ne gadon gidansu, abin da kakansa ya ba ubansa, ubansa ya ba shi: yadda ake gaida ruwa kafin a shiga, abin da ake faɗa idan ruwa ya riƙe mutum, sunayen kakanni da suka riƙe wancan yankin kogin ɗaya bayan ɗaya. Ni ban san kalma ɗaya a ciki ba, don ba a ba matar da aka auro. Na taɓa tambayarsa ko akwai saɓon Allah a ciki, ya ce da sunan Allah ake farawa, da shi ake rufewa, ban ƙara tambaya ba. Dokar abin ita ce ba a bayar da shi a tudu. Ba a faɗarsa a ɗaki, ba a faɗarsa a waya. Sai uba da ɗa sun shiga ruwa mai rai, mai kifi a ciki, sun tsaya tare, sannan a faɗa a kunne. Ubanku shi ne babba a gidansu, ƙaninsa ya rasu bai karɓa ba, saboda haka duk duniya shi kaɗai ya rage da abin. Ɗan ƙanin nasa, Mamman, yakan bugo waya duk Sallah ya yi gaisuwa, a ƙarshe ya ce, “Baba, gida na nan shina jira.” Ubanku ya ce, “Ina da ɗa.” Kullum amsar ke nan. Yana jiran Faisal ya yi hankali, yana kuma jiran Allah Ya kawo kogi Makka, ban san wanne ya fi sa rai da shi ba.

Shekarar da nake son ba ku labarinta ita ce shekarar da ƙirjinsa ya fara ciwo. Tari ya kama shi bayan Hajji ya ƙi saki, keken da yake turawa da hannu ɗaya ya koma sai ya tsaya ya huta a hanya. Ya daina fita, ya zauna a gida yana faɗa da kowa, har da fanka. Ita ce kuma shekarar da hukuma ta ba marasa takarda wa'adi, duk mai son komawa ƙasarsa ya je ya ba da kansa a sallame shi ba hukunci. Unguwa ta cika da masu ɗaure kaya, kame a hanya kuma ya ɗan yi sauƙi. Faisal ne ya kawo maganar fita shan iska, kuma da kyakkyawar niyya ya kawo ta, wannan ina so ku riƙe. Ya taɓa kai iyalin maigidansa wani wurin shaƙatawa a kan duwatsu, wajen hanyar Ɗa'if, inda aka datse kwari ruwa ya taru ya zama tafki, hukuma ta kewaye wurin ta shuka ciyawa. Ya ce iskar can za ta yi wa ƙirjin Abuya kyau. Haka kuke kiransa, Abuya, ni kuma Ummi. Na buɗe baki zan ce ai kun san ba zai je ba, sai na ji ubanku ya yi magana daga kan katifa.

“Ruwan da kifi ciki?”

“Fi samak, Abuya, akwai kifi. Ƙanana.”

“To mu tahi.”

Da na ji tambayar nan na san abin da yake nufi. Faisal bai sani ba. Ya yi murna kawai, ya tafi aron mota.

Ran Asabar muka tafi. Tun jajibiri ubanku ya sa aka yi masa aski, ya yanke farce, ya ce in wanke masa farar rigarsa ta Juma'a. Na dafa shinkafa da kaza, Huda ta cika filas da shayi, lokacin tana da ƙaramin ciki, mijinta yana wajen aiki. Mota tana hawa dutse tana lanƙwasa, birai suna zaune a gefen titi suna jiran a jefa musu ayaba, Huda tana ihu tana ɗaukarsu a waya. Iska ta canja, muka kashe na'urar sanyi muka buɗe gilashi. Ubanku yana gaba, ya riƙe ƙofa da hannu biyu, yana ce wa Faisal ya tafi a hankali, mutumin da bai taɓa tuƙa ko jaki ba. Mun yi dariya a hanyar nan. Ina son in rubuta wannan ma, don ita ce dariya ta ƙarshe da muka yi mu huɗu.

Wurin yana da kyau, ba zan yi ƙarya ba. Akwai rumfuna da aka jera wa iyalai, kowa ya shimfiɗa darduma, hayaƙin gashi yana tashi, yara suna kan lilo. Sai da muka wuce rumfunan sannan ruwan ya bayyana, kore-kore, kwance tsakanin duwatsu biyu. Ubanku ya tsaya cak. Ya cire takalmansa ya riƙe a hannu, ko da yake da sauran tafiya kafin bakin ruwa. Na ga leɓensa yana motsi. Na ɗauke kaina, don akwai kallon da bai kamata ko matar mutum ta yi masa ba. Can ya hango wasu ƙananan jirage na roba masu siffar agwagwa, waɗanda ake haya ana tuƙawa da ƙafa, sai ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi.

“Ta Kano, dubi abin da sunka kira jirgi. Agwagwa! In da babana ya ga wanga da ya koma kabari da gudu.”

Kafin mu ci abinci Faisal ya zagaya da mu mu ga tsohon bango. A gefe guda na tafkin akwai ragowar wata madatsa ta mutanen dā, manyan duwatsu da aka jera ba siminti, kowanne ya fi ƙarfin mutum goma, an kewaye su da waya an kafa allo mai bayani. Kusa da wurin wani tsoho Balarabe yana sayar da shayi da zuma. Da ya ga ubanku yana shafa dutsen ta ƙasan waya, sai ya kira mu ya ba mu kujera. Ya ce allon nan bai faɗi komai ba. Ya nuna tsakiyar ruwa da sandarsa, ya ce a nan ƙauyensu yake, a nan aka haife shi, da gonakin rumman da inabi, da rijiyar da mahajjata masu zuwa a ƙasa suke yada zango, har da baƙaƙe irinmu. Da aka gina sabuwar madatsa aka tashe su, ruwa ya rufe komai. Ya ce ubansa shi ne mai rabon ruwa a kwarin, da inuwar sanda yake sanin lokacin da za a buɗe wa wannan gona a toshe wa waccan, kuma ya san hakkin kowane gida tun daga kakanni, ba wanda yake yi masa gardama. Ubanku yana jin Larabci sarai, ko da yake idan ya yi magana kamar ana jan buhu a kan tsakuwa. Ya matso ya tambaye shi ko shi ya karɓa daga uban nasa.

Tsohon ya girgiza kai. Ya ce lokacin yana saurayi, mota yake so, ya tafi birni. Uban ya yi ta aika masa, shi kuma yana cewa gobe. Ya ce, “Ya tafi kabari da shi. Yanzu ko an kwashe ruwan nan ba wanda ya san gonar wa ke fara shan ruwa.” Ya faɗa yana zuba mana shayi, kamar labarin wani yake bayarwa. Ubanku bai sha shayinsa ba.

Muka yi sallar azahar, muka ci abinci a rumfa mafi kusa da ruwa. Ubanku ya ɗan taɓa ya wanke hannu. Ya miƙe, ya gyara hularsa, ya dubi Faisal.

“Taho, ɗana.”

Faisal ya tashi yana goge hannu, yana zaton hoto za a ɗauka. Ni kuma na juya wa ruwan baya kamar yadda ya taɓa gaya mini mata suke yi a gidansu, na kamo kafaɗar Huda na juyar da ita. Tana tambayata lafiya, na ce ta yi shiru. Wallahi murna nake yi. Na ce yau mutumin nan zai sauke kayan da ya daɗe yana ɗauke da su, ya samu ya mutu a Makkarsa da sauƙin zuciya. Na ji ƙarar ruwa, na san ya shiga. Na jira in ji ta biyu. Maimakon haka sai na ji muryar Faisal.

“Abuya! Mamnu'! An hana shiga, ga allo nan! Ka fito!”

Na juyo. Ubanku ya tsallake 'yar sarƙar da aka ja a bakin ruwa, yana tsaye ruwa ya kai masa ƙugu, farar rigarsa ta buɗe a kan ruwan. Ban taɓa ganinsa tsaye sosai haka ba, duk ranƙwafawar turin keke ta tafi. Ya miƙo hannu ɗaya. Faisal yana bakin sarƙa da farar jallabiyarsa, bai matsa ko taki ɗaya ba.

“Shigo. Ba daɗewa za mu yi ba. Abin kakanka za ni ba ka.”

“Wane abu? Ka faɗa mini a nan!”

“Ba a hwaɗinai bisa tudu. Shigo, ina riƙe da kai.”

“Abuya, eb! Abin kunya ne, mutane suna kallo. Kuma irin wannan abu shirka ne, haram!”

Mutane kuwa suna kallo. Wasu samari sun taso daga rumfarsu suna dariya, sun ɗaga waya. Sai ga usur, mai gadin wurin ya taho da sauri da rigarsa ta aiki, yana ɗaga hannu yana faɗa. Na san idan ya ce a kawo iƙama mun gama. Faisal ma abin da ya gani ke nan. Ya tare shi tun bai iso ba, ya dafa ƙirji, yana ba shi haƙuri da Larabcinsa mai kyau irin na 'yan ƙasa. Ya ce masa tsoho ne, ba shi da lafiya, ya ruɗe, ba ya sanin abin da yake yi. Ya faɗa da ƙarfi don samarin ma su ji su sauke wayoyinsu. Dabarar ta yi aiki. Mai gadi ya sassauta, ya ce Allah Ya ba shi lafiya, a fito da shi kawai, a riƙa kula da shi.

Ubanku ya ji kowace kalma. Na ga hannun nan da ya miƙa yana sauka a hankali har ya taɓa ruwa. Ya ɗan tsaya, ya ɗebi ruwan ya shafa a fuska, ya fito da kansa. Faisal ya kai hannu zai taimake shi ya tsallake sarƙa, ya kauce. Ban ga laifin Faisal a kan mai gadi ba, ban gani ba har gobe, ya ceci ubansa ne da abin da ya zo masa baki. Amma na so a ce ƙasa ta buɗe na shige a ranar. Na lulluɓe shi da dardumar da muka zauna a kai, muka kwashe kwanuka. A hanyar dawowa ruwa yana ta ɗiga daga rigarsa a ƙasan mota. A shingen bincike ko tsayar da mu ba a yi ba, aka ɗaga mana hannu muka wuce.

Bai ƙara tayar da maganar ba sai da aka kwana biyu. Ran nan da safe ina dama kunu ya zo ya zauna a ƙofar kicin, abin da bai saba ba.

“Ta Kano, gida za ni.”

Na ce wane gida, ga gida nan kana zaune a ciki. Ya ce in bar wasa. Zai je ya ba da kansa tun wa'adi bai ƙare ba, a kai shi Najeriya, ya je ya ba Mamman abin. Na ajiye ludayi. Na ce masa, kai da ka ƙi zuwa jana'izar uwarka don kada a hana ka dawowa, kai da ka ƙi ganin teku, yanzu da ƙafarka ɗaya take cikin kabarin da ka zo nema, yanzu ne za ka tafi? Na ce ka san idan suka ɗauki hoton yatsunka, da shekarunka da ciwonka, ba za ka ƙara ganin Ka'aba ba. Na faɗi maganganu da yawa, wasu ba su da daɗi. Ya bar ni na gama.

“Duk na sani. Amma amana ce anka ba ni. Kin ji tsohon nan mai shayi. In na tahi da ita cikin cikina, mi za ni ce ma babana? Ƙasar Makka ba ta wanke cin amana.”

Na ce ya ƙara ba Faisal lokaci. Ya ce lokacin nasa ne ya ƙare, yana jin abin a ƙirjinsa. Sannan ya ce in zo mu tafi tare. Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi a rayuwata, kuma ban daɗe ina tunani ba. Huda tana da cikin fari, ba ta da kowa sai ni. A Yawuri ban san ko kare ba, a Kano ma duk waɗanda suka san ni sun mutu. Na ce ba zan iya ba. Ya gyaɗa kai, ya ce ya san haka zan ce, kuma daidai ne. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Da kuka ji labarin, gidan ya zama kamar ya kama da wuta. Huda ta yi kuka har muka ji tsoron cikin. Maƙwabta suka yi ta sallama, wannan ya ce Alhaji Bawa ka ji tsoron Allah, wancan ya ce mutane suna sayar da gona don su zo su mutu a nan. Faisal ya tsaya a tsakar ɗaki.

“Za ka bar Harami saboda kifi? Za ka bar Ummi saboda kifi?”

Ubanku ya dube shi ya ce, “Kai na fara miƙa ma.” Faisal ya fita ya buga ƙofa, ranar tafiya kuma ya ce yana da aiki. Wani maƙwabcinmu ne ya kai mu inda ake tara masu tafiya. Kayansa jaka ɗaya ce da jarkar Zamzam. A bakin ƙofar, cikin turereniyar mutane, ya ce, “Ta Kano, ki yahe mini.” Na ce na yafe, shi ma ya yafe mini. Na so in ƙara wata magana, aka turo layi, ya shige. Ban ƙara ganinsa ba.

Ya isa lafiya. Da ya bugo waya daga Yawuri ban gane muryarsa ba, ta koma ta saurayin nan da ya raina mini kunu. Yana ba ni labarin wanda ya mutu da wanda ya rage, da yadda kogi ya ja baya daga inda ya san shi. Wata rana ya bugo da hantsi ya ce, “An gama. Mun shiga da Mamman.” Na yi masa barka, na shiga banɗaki na yi kukana. Duk bugowar da zai yi sai ya tambayi Faisal. Ina miƙa waya, Faisal yana yi mini alama da hannu wai in ce ba ya nan. Na yi ta yi wa mutumin nan ƙaryar ya fita, ya san ƙarya ce, yakan ce to a gaishe shi. Damina ta biyu ciwon ƙirjin ya kwantar da shi, ya rasu. Aka binne shi a maƙabartar gidansu, inda ake jin ƙarar ruwa. Mata suka cika ɗakin nan suna yi mini ta'aziyya, ina jin wasu suna raɗa cewa an yi asara, mutum ya bar Makka ya je ya mutu a ƙauye. Wannan raɗar ta fi mutuwar ƙona mini rai. Shi ya san abin da ya bari, ya fi su sani, shi ya biya.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Sallar da ta wuce Mamman ya bugo gaisuwa kamar yadda ya saba, ko bayan rasuwar bai daina ba. Idona ya yi rauni, sai na ce Faisal ya danna mini inda murya take fitowa fili. Bayan an gaisa Mamman ya ce yana da saƙo da ya daɗe yana jin nauyin faɗa.

“Inna, ki shaida ma ɗan'uwana Faisal. Ran da munka shiga ruwa, kahin Baba ya hwaɗa mini komi, sai da ya ce: wanga abu ba naka ba ne, na Faisal ne, riƙo za ka yi mishi. Duk ran da ya zo, ko ya tsuhwa, ka shiga da shi. To ina nan riƙe. Amma ni ma ba yaro ba ne yanzu.”

Faisal ya ji sunansa amma bai kama Hausar ba, ta yi masa zurfi. Ya ce, “Ummi, me ya ce?” Ni ce na fassara masa saƙon ubansa da Larabcina na kasuwa. Na zaci ya sake yin fushi. Sai na ga mutum mai 'ya'ya uku, mai furfura a gemu, ya zame daga kujera ya zauna a ƙasa gabana, ya ɗora goshinsa a gwiwata. Da ya yi magana da Hausa ya yi, irin tasa mai karyewa.

“Ummi, ba don haram ba ne. Ba don mutane ba ne. Ni ban iya ruwa ba. Ban taɓa shiga ba, ko sau ɗaya. Da na ga ya kai masa nan, ƙafata ta ƙi tafiya. Tsoro na ji. Na ji kunya in ce wa Abuya ina tsoron ruwa.”

A Rusaifa muka haife shi, a bokiti muka yi masa wanka, a garin da ba kogi muka raine shi har ya girma. Ni ban taɓa kawo wannan a raina ba. Ubansa kuwa, a gidansu yaro yana iya iyo kafin ya iya tafiya, ko a mafarki ba zai zaci jininsa yana tsoron ruwa ba. Kalma ɗaya ce da an faɗe ta a bakin tafkin nan da ya fito ya kama hannunsa, sun shiga a hankali. Ba a faɗa ba. Ubanku ya kwanta a kabarinsa yana zaton ɗansa ƙyamarsa ya yi.